Ina Bakin Sokawen Gidanku Yake?

Wata biyar bayan rasuwar kawuna, a tsakiyar Agusta, masan gidansa ya daina shanye ruwa. A juye bokiti guda sai ruwan ya tsaya cak, can ya sauka a hankali yana ɓulɓuli. Kwana uku ana haka, ƙazanta ta fara dawowa ta banɗakin tsakar gida, wanda ya fi sauran kwari. Aka haɗa kuɗi aka kira motar zuƙar masai. Direban ya sauko, ya gaisa, ya dubi matar kawun ya ce, "Hajiya, ina bakin yake?"

Ta dube ni, na dubi babban ɗanta. Na ce, "Yaya, kai da aka yi ginin a gabanka?" Ya ce shi dai ya san an haƙa rami ta wajen gabas, amma lokacin yana firamare. Maginin da ya yi aikin ya daɗe da barin gari. Tsakar gidan kuwa an shimfiɗe ta da tayil tun bikin autar gidan, babu ko alamar murfi. Mutum ɗaya ne ya san wurin, shi ne muka kai makwancinsa. Sai da aka fasa wuri uku kafin a gano ramin, rabinsa a ƙarƙashin ɗakin girkin da aka ƙara wa amaryar ɗan gidan. Motar ta koma ba ta yi aiki ba, aka biya kuɗin mai, aka sake kiranta washegari, aka kuma biya mai gyaran tayil. Kwana biyu mata da yara suna zuwa maƙwabta.

Tun daga ranar, duk gidan da na shiga aka saba, sai na yi wannan tambayar. Masu amsa ta kai tsaye ba su da yawa.

Kafin a je ga neman baki, ya kamata a san abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu, domin kalmar sokawe da muke faɗa ta haɗe abubuwa biyu ne da aikinsu ya bambanta. Salgar gargajiya rami ɗaya ce, bakinta a fili, kowa na ganin in ta kusa cika. Masan ruwa na zamani kuwa, idan an yi shi yadda ya dace, yana da tanki da kuma ramin tsotsewa. Tankin akwati ne na bulo da siminti, an yi masa daɓe da filasta ciki da bai yadda ruwa ba zai tsere ba. Ramin tsotsewa, wanda shi ne ainihin sokawe, an bar ƙasansa ba daɓe, an bar ƙofofi a jikin bulonsa, domin aikinsa shi ne ya miƙa wa ƙasa ruwa ta shanye. Da yawa daga gidajenmu rami ɗaya kawai aka haƙa aka rufe da kankare, yana yin aikin biyun a lokaci guda, kuma shi ya sa yake saurin toshewa.

Abin da ya fito daga masai yana bin bututu mai faɗin inci 4 ya faɗa tankin. A ciki sai ya rabu gida uku. Mai nauyi ya kwanta a ƙasa ya zama laka. Maiƙo da kumfa da duk abin da ke iyo su taru a sama su yi ɓawo, wani lokaci har ya yi tauri. Tsakaninsu kuma ruwa ne mai ɗan dama-dama, shi kaɗai ake so ya wuce gaba. Don haka ake sa wa bakin shiga da bakin fita bututu mai siffar T, ƙafarsa ta nutse cikin ruwan tsakiya, ta yadda ɓawon sama ba zai bi ba, lakar ƙasa ma ba za ta bi ba. Tanki mai kyau ana raba shi ɗaki biyu da bango, na farko ya ɗauki kashi biyu cikin uku na tsawon, na biyu ya ɗauki sauran. Bakin fita yana ƙasa da na shiga da kamar inci 3, don ruwa ya riƙa tafiya gaba kada ya koma cikin gida. Ana so ruwan ya yi aƙalla kwana guda a ciki kafin ya fita, ya samu natsuwar da zai sauke kayansa.

A cikin lakar nan akwai ƙwayoyin halitta da ke rayuwa ba tare da iska ba. Su ke cin ƙazantar suna narkar da ita, wani ɓangare ya zama ruwa, wani ya zama iskar gas ya fita ta bututun shaƙar iska da ake kafawa ya wuce rufin gida. Zafin ƙasarmu yana taimaka musu, suna aiki fiye da yadda suke yi a ƙasashen sanyi. Amma ba sa cinye komai. Yashi, gashi, ɓawon iri, da ragowar da ba ta narkewa suna nan suna taruwa. Bafaranshen da aka jingina wa ƙirƙirar wannan tanki, Jean-Louis Mouras, wanda ya gina shi a gidansa a garin Vesoul wajen 1860 ya kuma yi masa rajista a 1881, ya sa masa suna mai ma'anar "mai kwashe kansa". Sunan ya zarce gaskiyar abin, kuma har yau wannan zaton yana nan: za ka ji magini ya ce wa mai gida, "Alhaji, wannan da na yi maka, har jikokinka ba za su buɗe shi ba." Da wannan maganar ake zuba kankare a shafe baki.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙiyasin da masana tsaftar muhalli ke aiki da shi a inda ake tsarki da ruwa shi ne, mutum ɗaya yana barin laka kamar lita 25 a shekara idan masai kaɗai ke shiga tankin, ko lita 40 idan har da ruwan wanka da wanke-wanke. Ɗauki gida mai mutum 12, wanda a wurinmu ba babban gida ba ne. Sau 40, lita 480 ke nan a shekara. Idan tankin yana cin lita 3,000, cikin shekara uku laka ta kusa cinye rabinsa. Ka'idar kuwa ita ce a kwashe idan laka da ɓawo sun kai rabi, in an yi jinkiri ƙwarai kashi biyu cikin uku. A Amurka hukumar kare muhallinsu tana ba da shawarar a duba tanki duk shekara uku, a kwashe tsakanin shekara uku zuwa biyar, kuma gidajensu ba su kai namu yawan jama'a ba. Gidan da aka gina wa mata ɗaya da yara uku, bayan shekara goma sha biyar ya zama na mata biyu da 'ya'ya goma da almajirai da baƙi, amma tankin yana nan yadda yake.

Idan aka wuce wannan iyaka, ba a ganin komai nan take, kuma nan ne ɓarnar take. Laka ta taso ta kai ƙafar bututun fita, ta fara bin ruwa zuwa ramin tsotsewa. A can sai ta liƙe ƙofofin ƙasa kamar yadda dusa ke toshe rariya. Ranar da masai ya fara dawowa cikin gida, ramin tsotsewar ya riga ya mutu tun watanni. Shi ya sa za ka ga an kira mota ta zuƙe, bayan mako biyu ko uku ya sake cika, mai gida yana zargin direba da ha'inci. Sau da yawa ba laifin direba ba ne. Tankin da babu inda zai zubar da ruwansa, da ruwan buta da na bokiti kaɗai zai cika. Gyaran a nan ya zama haƙa sabon rami, a gidan da wataƙila babu sauran fili. Wanda yake iya ɗaga murfi sau ɗaya a shekara ya leƙa, ba ya kaiwa nan.

To me ya sa bakin ke ɓacewa? Ba don sakaci kaɗai ba. Gidan Bahaushe abu ne mai girma a hankali. An fara da ɗaki biyu da falo, sai ɗa ya yi aure a yanka masa gefe, sai a fitar da shago ta gaba don haya, sai a ƙara ɗakin ajiya. Filin da ya rage a gida kullum shi ne saman sokawe, don haka kansa ake hawa. Ga kunya: ba wanda ke son baƙo ya shigo ya ga murfin masai a tsakar gida, ga tsoron wari da kyankyasai da sauro, sai a ce a shafe shi gaba ɗaya a huta. Sannan ga cikon ƙasa. Titi ya tashi, ruwan sama ya fara shigowa gida, sai a kawo tifa biyu ta jar ƙasa a ɗaga tsakar gida, murfin ya koma ƙafa biyu a ƙasa. Gidan kuma ya sauya hannu, ko ta gado ko ta ciniki, dillali ya nuna ɗakuna da rijiya da mita, ba wanda ya tambayi ramin.

Wanda ya tsinci kansa a irin halinmu, kada ya fara da guduma. Ya fara da tambaya. Tsofaffin maƙwabta sukan tuna inda aka tara ƙasar haƙa. Leburan da suka yi aikin, ko mai aikin famfon unguwa, ko tsohon ɗan haya, wani cikinsu ya taɓa ganin an buɗe. Idan gidan yana da zanen da hukumar tsara birni ta amince da shi, irin KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, a duba, galibi akwai alamar tanki a jiki, sai dai a riƙe a zuciya cewa abin da aka zana da abin da aka gina ba kullum suke haɗuwa ba.

Daga nan sai a bi bututu. A zagaya bayan bangon banɗaki a ga inda mai kaurin ya fito ya shiga ƙasa. Masu aikin famfo ba sa son lanƙwasa, kuma bututun yana buƙatar gangara, don haka yakan miƙe ne zuwa ɓangaren gidan da ya fi kwari. Duk inda ya juya ko ya haɗu da wani, akwai ƙaramin akwati mai murfi da ake kira camba. Camba ta ƙarshe ita ce mabuɗin. A buɗe ta, a sa wani ya zuba ruwa a masai, a ga ta ina ya fita. Idan gidan yana da banɗaki da yawa kuma ana zaton rami ya fi ɗaya, a jiƙa shuni ko bula ta wanki a zuba a kowane bi da bi, launin zai nuna wanne ke zuwa ina. Sai a zura doguwar wayar da ake buɗe toshiya da ita ta bakin fitar cambar har ta tokare ko a ji ta faɗa sarari, a yi alama a jikinta, a zaro, a shimfiɗa ta a ƙasa ta fuskar da bututun ya nufa. Inda ta ƙare, nan gefen tankin yake. Bututun shaƙar iska ma jagora ne, in yana tsaye shi kaɗai a jikin katanga nesa da banɗaki, to ramin yana gindinsa ko kusa.

Ƙasa ma tana magana. A kan siminti ko tayil, a ɗauki taɓarya ko ƙotar fartanya a riƙa bugawa a hankali ana tafiya. Inda ke da rami a ƙasa yana amsawa kamar ganga, sauran wuri kuwa ƙararsa a mace take. A duba tsagewar da ta tafi a miƙe ta yi kusurwa, domin kankaren murfi da ƙasar gefensa ba sa zama tare, kuma tsagar kan zana siffar ramin. Da daddare a haska fitila a ga ta inda kyankyasai ke fitowa. A fili mai ƙasa kuwa, da rani ciyawar da ke kan ramin tsotsewa takan yi kore ita kaɗai, ta kan murfin tanki kuma ta riga sauran bushewa saboda ƙasar wurin ba ta da zurfi. Ana iya soka siririn rodi a hankali bayan an jiƙa wurin har a ji ya taɓa kankare, a bi gefe-gefe a fitar da kusurwa huɗu. A yi wannan da hannu, ba da guduma ba, kuma a tabbatar babu wayar lantarki ko bututun ruwan sha da aka binne ta wurin.

Gano ramin rabin aiki ne. Kuskuren da na fi gani shi ne, an sha wahala an gano, an fasa ƙaramar huda an zura tiyo an zuƙe, sai a kawo siminti a sake shafewa. Bayan shekara huɗu a koma gidan jiya. Ita kanta ƙaramar hudar matsala ce. Tiyon da aka zura ta rami mai inci 4 ko ta bututun iska ruwan tsakiya kawai yake sha. Laka mai kauri tana nan a kwance, ɓawo yana nan a manne, motar ta cika da ruwa ta tafi, an biya kuɗi an bar ciwon. Kwashewa ta gaskiya tana buƙatar baki mai faɗin da za a farfasa ɓawon, a dama lakar da doguwar sanda, a juya tiyo kusurwa-kusurwa, a kuma haska a ga ko bututun T yana nan bai karye ba.

Saboda haka ranar da aka buɗe, ranar ce ta gyara bakin. Faɗinsa ya kai kamar ƙafa 2 kowane gefe, wato santimita 60. Tanki mai ɗaki biyu yana son baki biyu, ɗaya a saman inda ƙazanta ke shiga, ɗaya a saman inda ruwa ke fita, domin nan ne toshiya ke faruwa. Ramin tsotsewa ma a ba shi nasa. Idan murfin ya nutse saboda ciko, a gina masa wuya da bulo a yi filasta, ya taso ya yi daidai da daɓen gida, ko ma ya ɗara da yatsa biyu don kada ruwan sama ya gangara ciki. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne: ruwan indararo na dare ɗaya a watan Agusta ya isa ya cika tanki ya kwashi laka ya tura gaba. Murfin ya zama na kankare mai rodi a ciki, da hannu biyu na ƙarfe da ke kwanciya, mai nauyin da yaro ba zai iya ɗagawa ba amma manya biyu za su iya. Mai gudun wari ya liƙe gefen da kwaɓi mai yashi da yawa siminti kaɗan, wanda kurfi zai ɓalle cikin minti biyar. Mai son kyan tsakar gida kuma ya sa maƙeri ya yi masa firam na ƙarfe a jera tayil a ciki, ya saje da sauran, amma layinsa yana nan ga wanda ya sani.

Sai rubutu. A tsaya a kan murfin a auna nisansa daga abubuwa biyu da ba sa motsi, misali kusurwar ginin gida da ginshiƙin ƙofar shiga. Awo biyu sun isa su mayar da mutum daidai wurin ko da an binne shi. Awo ɗaya ba ya isa. Kada a auna daga bishiya ko tankin ruwa ko turken dabba. A zana a takarda, a rubuta zurfi da ranar da aka kwashe, a ɗauki hoto da waya murfin yana buɗe da ginin a bayansa, a ajiye takardar tare da takardun gida. A kuma nuna wa uwargida da manyan 'ya'ya da ido. Matan gida su ne ke wuni a cikinsa, su ke fara jin wari, su ke fara ganin ruwa ya ƙi tafiya, kuma galibi su ne ba a gaya wa. Mai sayen gida ya sa wannan cikin tambayoyinsa kafin ya biya, mai bayar da haya kuma ya fayyace tun farko wa ke biyan kuɗin kwashewa, domin a gidan haya mai ɗakuna da yawa rigimar kuɗin ce ke sa a yi ta jinkiri har ya fashe.

Baki a buɗe ba ya amfani in mota ba za ta iya zuwa kusa ba. Tiyon motar yana da iyaka, kuma ƙarfin zuƙa yana raguwa da nisa da zurfi, musamman in lakar ta yi kauri. Tun ran gini tun ran zane: mai sabon gini ya sa tankin ta ɓangaren titi, ko ya bar ƙofa a katanga daidai inda tiyo zai shiga, kada a ja shi ta falo da ɗakin girki. A tsofaffin unguwanni masu lungu, inda ko Keke Napep da ƙyar take shiga, aikin yana hannun masu kwashewa da bokiti da durom, waɗanda a Kano ake yi wa laƙabi da "gidan kowa da akwai". Wasu kuma sun warware matsalar ta hanyar haƙa ramin a waje, a ƙofar gida. Mota tana isa cikin sauƙi, gaskiya ne, amma hanyar ta jama'a ce, kuma kankaren da aka zuba don ƙafar mutum ba zai ɗauki tifar yashi ko tankar ruwa ba. Haka a cikin gida: kada a mayar da saman tanki wurin ajiye mota sai in an zuba shi da wannan niyya. Bishiya ma a nisanta ta. Saiwar darbejiya da ceɗiya da durumi tana bin danshi, ta shiga ta mahaɗar bututu siririya kamar zare, ta yi kauri a ciki har ta fasa.

Akwai abin da nake so a karanta da kyau, domin a nan ake rasa rai. Iskar da ke cikin tanki kala-kala ce. Akwai mai kamawa da wuta kamar gas ɗin girki, wadda in ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wuri, ƙyastu ɗaya ya isa ta tashi. Don haka babu sigari, babu ashana, babu fitilar ƙwai ko kyandir a bakin rami, kuma al'adar jefa takarda mai wuta don a "ƙone iskar" ganganci ce. Akwai kuma mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ta fi iska nauyi, tana kwanciya a ƙasan rami. Mugun halinta shi ne in ta yi yawa tana kashe jin wari, sai mutum ya ɗauka ta tafi, alhali lokacin ne ta fi yawa. Shaƙa kaɗan ta isa ta sumar da ƙato. Labarin kusan iri ɗaya ne kullum: wayar wani ta faɗa, ko ɗan akuya, ko yaro, mutum ya shiga bai fito ba, ɗan'uwansa ya bi shi, maƙwabci ya bi na biyun, a fitar da gawa uku. Wanda ya ga nasa ya faɗi a rami, zuciyarsa ba za ta ba shi tsayawa ba, na sani. Amma shigarsa ba ta ceto kowa. A kira jami'an kashe gobara ko lambar gaggawa ta 112, a buɗe sauran murafe iska ta shiga, a yi ƙoƙari da igiya ko ƙugiya daga sama. Ƙyalle a hanci ba ya tare wannan iskar.

Ita dai wannan iska mai warin ƙwai, idan ta haɗu da danshin da ke ƙasan murfi, tana rikiɗa ta zama ruwan asid mai cin siminti. Murfin yana nan sumul ta sama, ta ƙasa kuwa ya zube, rodi ya yi tsatsa ya kumbura. Tsohon sokawen da ya rufta da mutum a tsakar gida ko a banɗaki haka yake faruwa. Duk ranar da aka buɗe, a haska ƙasan kankaren daga waje a duba. In ana ganin rodi tsirara ko siminti yana marmashewa, a sake shi. Ramin da aka daina amfani da shi kuma kada a bar shi rufe da fanko a ciki, a kwashe a cike shi da ƙasa da ɓaraguzai.

Duban shekara-shekara ba ya buƙatar kowa ya shiga. A buɗe murfi, a ja da baya a bar shi ya sha iska, a kori yara, mutum biyu su tsaya. A samu doguwar gora a naɗe ƙasanta da farin tsumma kamar tsawon mita guda, a zura ta kusa da bakin fita har ta taɓa daɓe, a bar ta minti kaɗan, a zaro a hankali. Baƙin da ya kama tsumman shi ne kaurin laka. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen rani, Afrilu ko Mayu, kafin ƙasa ta ƙoshi da ruwa, kafin kuma layin masu neman mota ya yi tsawo. Idan an zo kwashewa a bar 'yar laka kaɗan a ƙasa ta zama iri, kada a wanke tankin da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kalanzir da baƙin mai da ruwan batir da wasu ke zubawa don wari suna kashe ma'aikatan cikin ne, sannan su bi ruwa su shiga ƙasa. Famfas ɗin yara, audugar mata, leda da tsumma kuwa ba sa narkewa ko shekara nawa suka yi, su ne ke toshe tiyon mota har direba ya ƙara kuɗi.

Sanin inda ramin yake yana da wani amfani da ya wuce kwashewa. Ma'aunin da hukumomin agaji ke bi shi ne a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin da ke tsotse ƙazanta da rijiya, kuma gindin ramin ya ɗara ruwan ƙarƙashin ƙasa da mita ɗaya da rabi. Fuloti mai ƙafa 50 da 100, tsawonsa gaba ɗaya mita 30 ne. Wato ko an sa rijiya a wannan ƙarshe sokawe a wancan, da ƙyar aka cika sharaɗin, balle filayen awon igiya da ba su kai haka ba, balle kuma ramin maƙwabci da ke bayan katanga. Ruwan da ya fito daga tanki ya rage dauɗa amma bai rabu da cuta ba, ƙasa ce ke ƙarasa tace shi, kuma tana buƙatar tazara. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya bisa alƙaluman waɗanda ake zargi, ta kashe fiye da 3,600, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suna cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Mai shirin haƙa rijiya ko burtsatse ya fara sanin nasa ramin, ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabtansa uku ya tambayi nasu. In wuri ya ƙure, a sa rijiyar ta ɓangaren tudu, a yi wa wuyanta siminti mai zurfi, a riƙa tafasa ruwan sha ko a sa masa sinadarin kulorin.

A gidan kawuna, ɗakin girkin nan dole aka rushe rabinsa, domin ba a girki a kan murfin da za a riƙa buɗewa, kuma bangonsa ɗaya a kan kankaren tankin yake zaune. Amaryar ba ta ji daɗi ba, aka mayar mata da murhu ta wajen zaure. Maginin da muka kira ya tayar da wuya biyu, ya zuba murafe masu hannu, ya gano bututun fita ya karye tun tuni ya sa sabo. Da muka auna tsakanin ramin tsotsewa da rijiyar gidan, mita 11 muka samu. Yanzu wanki da wanka kawai ake yi da ita, ruwan sha kuwa daga famfon masallaci yara ke ɗebowa. Takardar awon tana cikin jakar da Hajiya ke ajiye takardun gado, kuma an rubuta a ƙasanta cewa dubawa ta gaba a watan Mayu ne.